Jak ɗin Honda a gindin Hilux

Yayana ya ba ni aron Hilux ɗinsa ne saboda Kawu ya rantse ba zai ƙara shiga Hondata a hanyar ƙauye ba. Ɗaurin aure za mu a wani ƙauye gaba da Gumel, ta wajen Maigatari, inda kwalta ke sallama ta bar mutum da rairayi. Kafin mu tashi na leƙa bodin motar, ga safaya a kwance an ɗaure ta da sarƙa, amma babu jak, babu wil sifana. Sai na buɗe but ɗin Honda na kwaso nawa na jefa a ciki. Har na gaya wa Kawu wannan hangen nesa da na yi, ya ce Allah ya yi albarka.

Ba mu jima da barin kwalta ba na ji bayan motar yana rawa. Na sauka, tayar baya ta dama ta kwanta, wani guntun ƙarfe ya shige gefenta. Kawu ya fito da babbar rigarsa ta shadda mai sitati, ya samu inuwar aduwa ya zauna da ƙullin goron ɗaurin aure a cinya.

"Minti nawa, ɗan nan?"

"Goma, Kawu."

Jak ɗin Honda irin mai almakashi ne, wanda ake murzawa yana miƙewa. An yi shi ne don motar da cikinta ke kusa da ƙasa. Hilux kuwa doguwa ce. Na sa shi ƙarƙashin shasi na fara murzawa. Ina murzawa, gumi na zuba, jak na tashi a hankali, ƙarfen motar na can sama ko kallonsa bai yi ba. Sai da ya kusa ƙure tsawonsa sannan ya taɓa shasin. Na ce alhamdu lillahi, na ƙara ƙarfi. Maimakon mota ta yi sama, sai jak ya fara nutsewa cikin rairayi kamar ɗan sanda ya ga gawar soja, ba ruwansa.

A lokacin yara sun taru. Ban san daga ina suke fitowa ba, don ko bukka ban hango ba. Wani ya kawo min faffaɗan dutse, na ɗora jak a kai. Yanzu kam motar ta ɗaga. Jikinta dai. Tayar na nan zaune a ƙasa daram, domin sifirin ɗin irin wannan mota yana da tsawon saki: ka ɗaga jiki ya tafi sama, ƙafa ta ci gaba da rataya tana bin ƙasa. Na ƙara murzawa sau ɗaya don in nuna masa waye babba, sai na ji ƙaras. Jak ya karkace gefe, mota ta dawo inda take. Yaran suka yi shewa.

Na ce to bari in kwance notuna kafin in yi tunanin abin yi. Na sa wil sifana, ta ƙi shiga. Na juya ta, na buga da dutse, na karanta mata abin da ya sawwaƙa. Notin Honda lamba 19 ne, na Hilux 21. Milimita biyu kacal, su suka tsaya tsakaninmu da shinkafar biki.

"Ɗan nan, minti goman na agogon Nijar ne ko namu?" in ji Kawu. Ban tanka ba, ai lokacinmu ɗaya da su, shi ma ya sani.

Rana ta take sai ga wata tsohuwar a-kori-kura maƙare da buhunan gero da awaki. Direban ya tsaya, ya sauko da silifa, ya gaida Kawu har ƙasa, sannan ya ɗauki jak ɗina da yatsu biyu ya ɗaga wa yaron motarsa ya gani.

"Alhaji, wannan na keken ɗinki ne?"

Yaron motar ya kawo kayan aiki: jak mai kwalba da aka rubuta tan 5 a jikinsa, guntun katako mai kauri da ya sha baƙin mai, sifana mai kai huɗu, da wani dogon bututun ƙarfe. Direban ya ce in ja birkin hannu in sa giya ɗaya, ya sa yara suka tokare tayar gaba ta hagu da duwatsu. Bai taɓa jak ba tukuna. Notuna ya fara sassautawa tun taya na ƙasa, ya ce in ka ɗaga ka zo kana jijjiga sifana, kai za ka ture motar da hannunka. Notunan sun ƙi motsi, mai facin da ya ɗaura su da bindigar iska ya ɗaure su ɗaurin gaba, sai da ya zura bututun a hannun sifana sannan suka yi ƙara suka saki.

Sai ya yashe rairayin da hannu har ya tarar da ƙasa mai tauri, ya shimfiɗa katakon, ya sa jak ƙarƙashin aksil, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, daidai inda aka ɗaure sifirin, ya warware kansa mai zare har ya taɓa ƙarfe. Ya ɗan buga hannun jak sama da ƙasa, taya ta bar ƙasa. Ni da na sha gumin awa biyu ina tsaye ina riƙe da noti a hula.

Yana aiki yana min karatu. Motar nan ko babu kaya ta kusa tan biyu, kuma ko jak ya iya nauyin, in ba shi da tsawo da faffaɗan gindi, a daji sunansa ƙarfen banza. Da na durƙusa zan leƙa ƙasan motar in ga inda ya sa jak ɗin, ya janyo ni ta wuyan riga. "Alhaji, mai ne a cikin jak ɗin nan, roba ɗaya ce ke riƙe da shi. Kana da yara?" Tayar da ya cire ma bai jingine ta a gefe ba, ƙarƙashin shasi ya tura ta, ko da jak zai yi halinsa. Notuna shida ya ɗaura su a tsallake, wannan sai na gabansa, ya sauke motar ya ƙara tamke su, ya ce in na yi 'yar tafiya in tsaya in sake taɓa su. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi, Kawu ya damƙa masa goro biyar daga na amarya.

Mun isa an shafa fatiha, an watse, har an fara wanke tukwane. Kawu ya shaida wa duk wanda ya tambaya cewa ɗan ƙanwarsa injiniya ne.

Da dare na mayar wa Yaya motarsa, na fara yi masa ƙorafin ba mutane aron mota babu jak. Bai ce komai ba. Ya buɗe ƙofar baya, ya ja wata 'yar igiya, majinginar kujera ta kwanto. Ga jak mai kwalba a ɗaure a mazauninsa, ga wil sifana lamba 21 a cikin jakarta, ko ƙura babu.

"Kawu ya sani?" ya tambaye ni.

Na ce tankin motar nawa yake ci, in cika masa.