Ranar da Kwamfutar Aljihu Ta Ba Ni Kunya a Wurin Zance

A 2003 kawuna ya dawo daga Ingila, ya miƙo mini wani ɗan allo launin azurfa, ya ce, "Ungo, ni na gaji da shi." Compaq iPAQ ce, irin ta farko da ta fito a 2000. An ƙera ta ne domin 'yan ofis su riƙa ajiye lambobin waya da ranakun taro. Ni kuwa ɗalibi ne, ba ni da taron da ya wuce na teburin mai shayi. Abin da ya tafi da imanina shi ne na ga Windows Media Player a ciki, ga kuma kafar sa abin ji na kunne. Wato dai tana waƙa! A lokacin duk unguwarmu kaset ake ji, mai ji da kansa shi ne mai Walkman, shi ma da biro yake juya kaset don tattalin batir.

Nan take na ƙudurta da ita zan je zance ranar Juma'a.

Zuba waƙar ne aiki. Sai an sami babbar kwamfuta, a sa mata ActiveSync, manhajar da ke haɗa su, a ɗora 'yar tawa a kan mazauninta, sannan su gaisa. Abokina mai shagon buga takardu ya yarda, muka raba dare. Cikinta megabait 32 ne kacal, kuma a nan manhajojinta ke numfashi. Minti ɗaya na MP3 yana cin kusan megabait guda, waƙar Indiya kuwa ba ta san gajarta ba. Uku muka samu suka shiga. Abokina ya ce ai na'urar jin waƙa ta iPod da ta fito a 2001 dubu take ɗauka, na ce to ya je ya auri iPod ɗin. Ragowar wurin muka cusa bidiyon rawa na minti biyu, wanda ya matse har fuskokin 'yan rawar suka koma kamar an zana su da dambu. Duk da haka na kalle shi ya fi sau ashirin kafin asuba.

Abin da kawu ya manta bai gaya mini ba, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya: ƙwaƙwalwarta irin mai riƙe abu da ƙarfin batir ce. Batir ya mutu murus, komai ya bi shi. Aka ɗauke wuta tun Laraba, ni kuma ina ta yi wa 'yan majalisa baje koli har ta ɗauke numfashi. Ban damu ba. Juma'a da la'asar na bar ta a shagon aski mai janareto, bayan magariba na fizge ta na jefa aljihu, ko dubawa ban yi ba.

Na tarar an shimfiɗa tabarma a zaure. Dama na cika baki, don haka ƙannen budurwar tawa biyar suna nan, har da kakarsu a kan 'yar kujera.

"Angona, ina akwatin waƙar da ake ta ba mu labari?" in ji tsohuwar.

"Kwantar da hankalinki, Hajiya, yau za ki ga Indiya a tafin hannu."

Na danna. Allo ya kawo haske, yara suka ce "Laaa!" Sai wani ɗan gicciye ya bayyana a tsakiya, wai in taɓa shi don daidaita allo, kamar ranar da ta baro kamfani. Gabana ya faɗi. Na laluba tsinkenta na taɓawa, ashe ya zame a shagon aski. Ƙaramin cikinsu ya ruga ya kawo mini tsinken tsintsiya. Haka na zauna cikin shaddata mai sitaci ina bin gicciye kusurwa-kusurwa da tsinken shara, gumi na bin ƙeyata. Da na isa wurin waƙoƙin, wayam. Ko tari babu.

Mutuniyar tawa ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Autansu ya ce, "Yaya, ko in ɗauko rediyon Baba?"

Tsohuwa ta karɓa, ta juya ta gaba da baya, ta kai kunne ta jijjiga.

"To me ta iya?"

Na duba abin da ya rage, murya ƙasa-ƙasa na ce, "Tana lissafi."

"Madalla!" Ta kwance bakin zanenta ta fito da wata takarda da ta sha ninki. "Mu goma sha huɗu ne a adashi, biyu ba su zuba na watan jiya ba. Buga mini."

Har aka kira isha ina buga kuɗin adashi da tsinken tsintsiya, ita kuma tana cewa in sake, ba ta yarda da jimlar ba.