Alhaji Bakano Zai Hau Dutsen Turawa

Bayan sallar la'asar, a shagon Alhaji Bakano da ke Babbar Kasuwar Kaduna, Malam Bazazzagi, tsohon malamin labarin ƙasa, ya shimfiɗa taswira a kan bandir ɗin shadda, ya danne gefenta da almakashi.

ALHAJI: Malam, kwana uku na ware, ina so in zagaye tsaunukan Alps gaba ɗayansu, in dawo kafin kayana su iso daga Legas.

MALAM: Alhaji, tsaunukan nan sun ratsa ƙasashe 8, tun daga Faransa da Italiya har Ostiriya, tsawon kimanin kilomita 1,200, saboda haka shawarata ita ce mu tsaya a Suwizalan kaɗai.

ALHAJI: Wanda ya hau Dala yana ɗan shekara bakwai ba a tsorata shi da dutse.

MALAM: Ai ko Kufena namu na Zariya kallon jika yake yi wa Dala. Mafi tsawo a can, wato Mont Blanc, ya haura mita 4,800, kusan ninki biyu ke nan na Chappal Waddi da ke Taraba, wanda babu dutsen da ya kai shi a Najeriya. Ranar farko za ka sauka a Jeneba, ka shiga jirgin ƙasa zuwa garin Zermatt, domin ka kalli Matterhorn.

ALHAJI: Matar Haruna? Subhanallahi! In sha wahalar neman biza, in canji naira da tsada, don kawai in je kallon matar wani? Idan maganar nan ta kai kunnen Hajiya, kai za ka je biko.

MALAM: Dutse ne, Alhaji, mai tsini kamar kan mashi, tsawonsa mita 4,478. Sai dai ka sani ba a shiga garin da motar fetur. A Täsch ake ajiye ta, a ƙarasa a jirgi, a cikin gari kuma ƙananan motocin lantarki ne suke ɗaukar baƙi da kayansu.

ALHAJI: To, idan aka ɗauke wuta fa?

MALAM: Ba al'adarsu ba ce.

ALHAJI: Allah sarki, ashe masu sayar da janareto a can suna cikin wani hali. Ci gaba.

MALAM: Rana ta biyu za ka hau jirgin da ake kira Glacier Express zuwa St. Moritz, tafiyar kusan awa 8, ta kan gadoji 291 da ramukan cikin dutse 91, kana zaune kana kallon kwazazzabai da shanu masu ƙararrawa a wuya ta tagogin da suka kai har rufi.

ALHAJI: Tsaya, Allah gafarta Malam. Daga Rigasa zuwa Abuja ma gajiya nake yi, yanzu kuma in yini a jirgin da ke tafiyar hawainiya, in ƙara musu kuɗi saboda jinkirin, duk don in ga saniya? Wannan lissafin Zage-zagi ne. A Mararrabar Jos kyauta nake ganinsu.

MALAM: Shi ya sa nake jin tsoron ambata maka Jungfraujoch, tashar jirgin ƙasa mafi bisa a Turai, mita 3,454, wadda aka buɗe tun 1912. Ba za ta shiga kwana ukun nan ba sai an soke St. Moritz, kuma dole ka sayi rigar sanyi mai kauri, domin ko a watan Yuli ƙanƙara ce shimfiɗe a wurin.

Alhaji ya ajiye carbinsa, ya gyara zama.

ALHAJI: Ƙanƙara? Shimfiɗe a ƙasa, babu mai gadi? Malam, ka san abin da ƙullin ƙanƙara yake kaiwa a Tudun Wada idan azumi ya faɗo a bazara? Soke matar Haruna, soke jirgin hawainiya, rubuta mini kula goma sha biyu, manya.

MALAM: Kafin ka iso Jeneba ta zama ruwa, Alhaji.

ALHAJI: Sai a ƙulla a leda. Amma wai kai da ka haddace gadojinsu ɗaya bayan ɗaya, sau nawa ka je?

MALAM: A gaskiya, ta wannan ɓangaren ban taɓa wuce Kafanchan ba.

ALHAJI: Yaro! Kawo wa Malam ruwan sanyi, ka jefa masa ƙanƙara guda biyu ya yi yawon buɗe ido, sannan ka rubuta a cikin bashinsa.