Ƙurar da 'yan gwangwan ke shaƙa a Legas

Ina so in yi magana da iyayen gidan da ke riƙe da yaranmu masu sana'ar gwangwan, daga Owode Onirin zuwa Agege. Tsohon bututun rijiyar mai da ake yankawa ba kamar sauran ƙarafa ba ne. Wani lokaci a cikinsa za ka ga wani busasshen datti ya manne, fari-fari ko ruwan toka, mai tauri. Ruwan da ke fitowa tare da ɗanyen mai ne ke barinsa, kuma yakan ƙunshi sinadarin radiyam mai fitar da tururin nukiliya. Yaro ya durƙusa yana kankarewa da guduma, ƙura ta turnuƙe masa fuska, can ya share hannu a wando ya ja kwanon shinkafa.

Abin da ke tayar min da hankali shi ne yadda jiki ke karɓar radiyam. Yanayinsa ya yi kusa da na kalsiyam, sinadarin da ake gina ƙashi da shi, don haka idan ya shiga jini, wani kaso yakan wuce cikin ƙashi ya zauna. Irin tururin da yake fitarwa, wanda ake kira alfa, ko fata ba ya iya hudawa daga waje. Amma daga ciki babu shamaki, yana nan daf da ɓargo yana ƙona ƙwayoyin halitta dare da rana. Radiyam 226 sai ya shekara 1600 kafin rabinsa ya lalace. Ba ya wari, ba ya zafi, ciwon kuma sai bayan shekaru yake bayyana, lokacin yaron ya koma gida, a ce sammu ne.

An ga wannan a Amurka a shekarun 1920. 'Yan matan da ke shafa wa fuskar agogo fenti mai radiyam a jihar Nu Jasi an koya musu su riƙa gyara tsinin burushi da leɓe. Haƙoransu suka zube, muƙamuƙi ya ruɓe, wasu kansar ƙashi ta kashe su. Sai a 1928 kamfanin da suka yi wa aiki ya yarda ya biya biyar daga cikinsu diyya. 

Ba kowane bututu ne ke ɗauke da radiyam ba, amma ido ba ya bambancewa. Alhaji, kai da ke sayen tirela guda ta ƙarfe, takunkumin ƙura mai kyau bai fi ƙarfinka ba. A jiƙa dattin da ruwa kafin a taɓa shi, a daina cin abinci a wurin yanka. Ƙungiyoyin kasuwa kuma su rubuta wa hukumar NNRA mai kula da harkokin nukiliya a Najeriya, wadda doka ta ɗora wa wannan aiki, ta zo da na'urar awo ta duba kayan kafin yara su sa musu wuta.