Ba wayo suka fi mu ba, teku suka fi mu

Talatar da ta wuce na shiga Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta a Ikeja ta Legas, neman MiFi, wato 'yar na'urar nan da ake sa wa sim ta riƙa ba da wayfai, don wayata ta gaji da aikin hotsfot, kullum sai ta yi zafi kamar an ciro ta daga kasko, kuma da an kira ni sai intanet ɗin laftof ta ɗauke. Ni kuwa aikina a Mile 12 lissafi ne, motar albasa nawa ta iso daga Aliero, nawa aka ba direba, nawa 'yan dako suka karɓa, wa ya ɗauki kaya bashi, kafin isha'i dole in tura wa maigida komai can gida.

Wanda bai taɓa zuwa kasuwar nan ba, to in ka san Farm Centre ta Kano ka ɗauka an ɗora wata a kan wata an kuma zuba mata hayaniyar tasha. Tun daga ƙarƙashin gadar Ikeja samari za su fara jan hannun rigarka, wannan ya ce gyara, wancan ya ce canjin gilashi, wani ya buɗe tafin hannu ya nuna maka waya ya rufe da sauri. Layin Otigba kuwa shago kan shago har bene na uku, janareta na kuka ta ko'ina, ga mai wa'azi da lasifika ga mai tallan shinkafa da miyar ja, kai kuma jakarka tana gaba ka rungume ta kamar jariri.

Na shiga wani shago da hulata da kaftani. Ban ma gama gaisuwa ba yaron shagon ya dube ni sama da ƙasa ya ce da turancin buroka wai aboki nan ba a sayar da ƙaramar waya mai tocila, in gangara ƙasa. Wallahi abin ya sosa min rai. Shekara shida ina garin nan, na saba da kiran aboki, amma ranar sai na ji shi kamar mari. Ban ce masa komai ba, na zaro laftof na ajiye kan kanta na tambaya ko MiFi ɗinsu a kulle yake kan layin kamfani ɗaya ko an buɗe shi yana cin kowane sim, kuma batirin awa nawa yake yi. Sai ga madam mai shagon ta taso, ta balbale shi da faɗa da Yarbanci, ta juyo tana ce min Alhaji. Daga aboki zuwa Alhaji cikin minti biyu, ko Makka ban je ba.

Gaskiya dai matar ta san aikinta. Ita ta nuna min dalilin da ya sa laftof ke shanye data kamar rairayi ya samu ruwa, ashe Windows ce ke sabunta kanta a ɓoye da zarar ta ji wayfai, sai an shiga saiti an gaya mata wannan layin a ƙirge yake sannan ta tsaya. Ta ce in riƙe sim biyu na kamfani daban-daban, in ɗaya ya yi barci in sa ɗaya, kuma kar in manta sai da lambar NIN za a yi min rajista. Da na kamo hanya, gosulo ya riƙe mu a danfo tsakanin Ojota da Ketu, na kunna abin cikin aljihu na ɗora laftof a cinya, kafin kwandasta ya gama rigimar canji na tura lissafin duka. Wannan kam Legas ta ci, ba gardama.

Amma maganar yaron ta ƙi barina. Shi a ganinsa intanet gadonsu ce, mu kuma sai tocila. To ba wayo suka fi mu ba, teku suka fi mu. Manyan wayoyin intanet da ke bi ta ƙarƙashin ruwa kusan duk nan suke fitowa tudu, MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano ta Google a 2022, a shekarar ce kuma MTN ta ƙaddamar da 5G a Legas. Kafin abin ya kai Gusau sai an binne waya ta bi gefen titi tafiyar yini da dare, masu aikin hanya su tsinka ta, ɓarayi su haƙa, sannan a nemi man janaretan da zai riƙe eriya. Ran 14 ga Maris 2024, cikin azumi, da wayoyin nan na teku suka lalace ai na ga idon 'yan Legas, bankuna sun rikice, masu POS sun yi tagumi, kowa na ɗaga waya sama kamar yadda muke yi a ƙauye. Allah ya yafe min, har raina sai da na ji wani ɗan sanyi.

Kwanaki kaɗan suka yi suna kuka. Mu fa? Watan Satumba 2021 aka kashe layukan waya a Zamfara gaba ɗaya saboda 'yan bindiga. Ina nan Legas da sabis cike da waya, ba wanda zan kira. Sai ƙanena ya hau mota har Funtuwa don kawai ya ce min Inna lafiya lau take, daga baya can ɗin ma aka rufe. Makonni ban ji muryarta ba. Mutumin da ya yi tafiyar awa biyu cikin wannan hanyar don kiran minti uku, shi za a ce bai san darajar netwok ba? Yaranmu da ke koyon kwamfuta a gida da wutar da ba ta zuwa da sabis mai sanda ɗaya, a kawo su Otigba wata shida a gani.

Na san wani zai ce to ka koma mana. Ina ma. Nan ga sabis har banɗaki amma maƙwabcina na shekara uku ban san sunan babansa ba, can kuwa in na je sallah laftof ɗin ko buɗe ta ba na yi, tana ƙasan gado, muna tabarma ƙofar gida har dare ya raba.

Jiya na gwada kiran bidiyo da sabon abin nawa. Ta nan ɓangaren tar, ta can kuwa fuskar Inna ta daskare a gilashi baki buɗe, sai murya ke zuwa guntu-guntu tana tambaya ko ina cin abinci, na ga kamar ta rame ko hoton ne oho. Ƙanwata ta ce in bari ta kai mata wayar gindin darbejiyar ƙofar gida, wai nan ne yake kamawa. Na ce ta bar tsohuwa ta zauna, zan sake kira da asuba kafin mutane su tashi.