Idan matar fasto ta ɗauki alƙalami

Jama'ar coci suna ganin fastonsu ranar Lahadi, tsaf-tsaf a kan mumbari. Wadda ta san shi daren Asabar, yana ta fama da wa'azin da ya ƙi haɗuwa, matarsa ce. Don haka in irin wannan mace ta zauna rubuta tarihin gidanta, abin a yaba ne, muddin ba kirari za ta jera mana ba.

Susannah Spurgeon ta gane haka. Bayan rasuwar mijinta Charles Spurgeon, shahararren mai wa'azin Landan, a 1892, ita da sakatarensa suka tattara wasiƙu da rubuce-rubucensa, suka fitar da tarihinsa juzu'i huɗu tsakanin 1897 da 1900. A ciki ta kawo wani labari da wata matar za ta binne. Tun suna neman aure ya tafi da ita wurin wa'azi, cunkoso ya raba su a bakin ƙofa, gogan kuwa hankalinsa na kan abin da zai faɗa, ya manta da ita ɗungurungum. Ta koma gida tana huci, sai da mahaifiyarta ta rarrashe ta. Jikan da ya karanta wannan zai san kakansa fiye da wanda aka cika wa kunne da yabo.

Haka daren Oktoban 1856, da wani ya yi ihun gobarar ƙarya a zauren Surrey Gardens na Landan, inda Spurgeon ke jagorantar sujada, mutum bakwai suka mutu a turmutsitsi. Jaridu sun kawo adadin. Halin da Spurgeon ya shiga bayan nan, ga tagwaye wata guda da haihuwa, na cikin gida ne kaɗai suka gani.

Za a ce ai wannan tonon asiri ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Gidan fasto gidan amana ne. Matar da ta zo da dare tana kuka kan aurenta ba ta zo don a sa ta a littafi ba, ko da an sauya mata suna. Wannan kam a bar shi. Amma bashi, ciwo, yawan sauyin wurin aiki da ya hana yara zama makaranta guda, duk na iyalin ne, suna da ikon faɗa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda matar fasto mai rubuta tarihin gida kan share kanta. Shafi bayan shafi "Baba ya ce, Baba ya yi", ita da ta riƙe gidan ko sunan mahaifiyarta ba ta rubuta ba, alhali jikokin nata ne su ma.