Sabon direba ba shi da haƙƙin kwana a gidansa ne?

Ina da tambaya ga masu manyan motoci da manajojin kamfanoni na Kano, kuma amsa nake nema, ba "sai haƙuri" ba. Wane irin lissafi ne wannan, a ce mutum bai isa a ba shi mota ya kai buhunan fulawa daga Sharaɗa zuwa kasuwar Singa ba, wai hannunsa bai faɗa ba, amma ya isa a zaunar da shi a gaban tirela mai lodin tan 30 a ce ya bi oga zuwa Legas? Kowa a harkar nan ya san abin da ke faruwa a hanya. In an wuce Kaduna dare ya raba, barci ya fara fizgar oga, wa ake miƙa wa sitiyari? Wannan sabon da aka ce bai iya ba. Shi zai ja motar cikin duhu, ga ramukan hanyar Mokwa da Jebba, ga 'yan uwansa masu kwarara masa fitila a ido. A can ba wanda ke tambayar shekara nawa ya yi yana tuƙi. Sai a cikin gari, inda ba a rasa bakanike a kowace kwana, nan ne ake tuna cewa shi sabo ne.

Ni sabon direba ne, kuma ban shigo ta taga ba. Na sayar da babur ɗin da nake nema da shi, na biya makarantar koyon tuƙi mai rajista, na yi gwajin ido, na yi na VIO, wato jami'an da ke gwada tuƙi da duba lafiyar mota, na karɓi lasisin rukunin G daga hukumar kiyaye haɗurra, wanda shi ne na tirela. Lokacin da za a karɓi kuɗina, bakin malaman makarantar har kunne: kamfanoni na neman direbobi ido rufe, da ka gama aiki na jiranka. Ranar da na koma da takarda a hannu, wanda ya yi mini wannan alkawari ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba. Cewa ya yi, "Ai mu koyarwa ce tamu, Malam." To me ya hana a faɗi haka tun kafin in rabu da babur ɗina?

Abin da nake nema ba wani abin a zo a gani ba ne. Aikin cikin gari: in yi sammako bayan asuba, in yi sahuna, in ajiye mota, in yi isha'i a masallacin unguwarmu. Mahaifiyata na fama da hawan jini da ciwon ƙafa, ni ke kai ta asibiti, ni ke sayo magani, kuma ba ni da wani namiji babba a gidan da zan bar wa. Matata na da goyo. Wannan ba lalaci ba ne, kuma ya ishe ni jin ana kiransa lalaci.

Kuma kada wani ya ce mini babu aikin. Kano ce fa. Je ka Dawanau da safe ka ga hatsin da ake juyewa daga mota zuwa sito. Je ka Bompai, Sharaɗa da Calawa ka ƙirga motocin da ke fitowa daga masana'antu zuwa Singa da Sabon Gari da Kwari. Ga tifofi na jigilar yashi daga Wudil, ga masu burji da tsakuwa, ga tankokin ruwa, ga tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 2023. Duk waɗannan motocin mutane ke tuƙa su, kuma yawancinsu a gida suke kwana. Aikin na nan. Ƙofarsa ce aka rufe.

Ga yadda ake rufe ta. Ka je bakin get, maigadi ya karɓi takardarka ya jefa a kwali. In Allah ya yi ka ga manajan sufuri, tambayar farko ita ce shekara nawa ka yi a kan babbar mota. Ana son uku, wasu biyar. Ta biyu, wa ya turo ka. Ta uku, garanto biyu, ɗaya ma'aikacin gwamnati mai babban mataki, ɗaya mai takardar fili. Ɗan talakan da ya sayar da babur ya koyi sana'a, a ina zai samo mai takardar filin da zai sa hannu a kan motar miliyoyi? Wani manaja na ce masa, "Ranka ya daɗe, ga mota nan a fake, a gwada ni. In yi ribas da ita in shiga sito, in na goga ko fenti ne a kore ni." Bai ko tashi daga kujera ba. Ya ce in je in yi shekara biyu a doguwar hanya tukuna. A satin nan na ga an ba wani yaro makullin wata motar kaya ƙirar Kanta, ɗan ƙanwar wani babba ne a wurin, kuma na rantse da idona na ga motar ta mutu masa a bakin get don bai iya sakin kuloci ba.

Wajen 'yan tifa kuwa wani karatun ne. Can ba ruwansu da takarda, lasisinka ma abin dariya ne a wurinsu. Sai ka fara daga yaron mota: wanke mota, duba ruwa da baƙin mai, sa waigi a taya, kwana a gindin mota kana gadin batir. Ban raina wannan ba, wallahi, manyan direbobin da muke girmamawa ta nan suka biyo, kuma akwai ilimin da sai a nan ake samunsa. Amma yaro ɗan shekara 15 da ke cin tuwo a gidan ubansa shi ke iya shekaru yana karɓar kuɗin abinci kawai. Magidanci fa? Da me zai sayi masara? Ga kamasho a tsakani, sai ka ba shi na goro kafin ya haɗa ka da mai mota, daga nan wayarsa ta daina shiga.

Na san uzurin masu motoci, kuma ban ce ƙarya suke ba. Tun 2022 da man gas ya yi tashin gwauron zabi har lita ta zo ta haura naira 1,000, kayan gyara da tayoyi suka bi sahu, kowa na tsoron miƙa dukiyarsa ga wanda bai sani ba. To amma tsoron ya zama na gaskiya mana! In dukiyar ake ji, ai a sahun kilomita 20 cikin gari ya kamata a gwada sabo, da rana, da tsohon direba a gefensa, ba a tafiyar kilomita 1,000 ba. Ba tsoro ba ne kawai. Doguwar hanya ta ƙona tsofaffin hannu, sun gaji da kwanan zangon Tafa da Ogere, da layin tashar jiragen ruwa ta Apapa, da shingayen karɓar kuɗi, da fargabar masu garkuwa da mutane, sai suka dawo suka riƙe na cikin gari su da 'ya'yansu. Wahalar da kowa ya gudu ita ake tura wa sabo, a kuma biya shi abin da bai kai naira 70,000 da doka ta sa a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024 ba.

Shugabannin NARTO, wato ƙungiyar masu motocin sufuri ta ƙasa, da na ƙungiyoyin direbobi, ku ne kuka san kowane mai mota da sunansa. Me zai hana ku buɗe rajistar sababbin direbobi, ku gwada mu da kanku a fili, wanda ya ci ku tsaya masa a matsayin garanto? A ba mu wata uku na gwaji a kan rabin albashi, mun yarda. Makarantun tuƙi kuma a tilasta musu haɗa ɗalibansu da kamfanoni, ko su daina yi wa mutane alkawarin aikin da ba su da shi. Lasisin nan wa'adi gare shi, kwanakinsa na tafiya yana cikin aljihuna, kuma in ya ƙare kuɗi zan sake nema in sabunta shi alhali ko sahu ɗaya ban yi da shi ba.