Mai riƙon yaro ba shi da gurbi a takardun gwamnati

Makon jiya, a wani ofishin gwamnati da ake yi wa yara takardu, an ci mutuncin wata dattijuwa a gaban jikanta. 'Yarta ta rasu wajen haihuwarsa, uban ya tafi ci-rani bai sake waiwayowa ba, ita ta goya yaron har ya kai shekara 15. Yanzu makaranta ta ce a kawo takardar haihuwa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Ta zo da katin rigakafinsa a naɗe cikin baƙar leda, gefensa duk ya cinye.

Ta yi sallama, ma'aikacin bai amsa ba, idonsa na kan waya.

"Ɗana, takardar yaron nan na zo nema."

"Ina ubansa?"

"Ba ya nan. Ni ce kakarsa, a hannuna ya tashi."

"Uwarsa fa?"

"Allah ya yi mata rasuwa."

Ko "Allah ya jiƙanta" bai ce ba. Ya sa gindin biro ya turo mata katin.

"Ke tsohuwa, nan ba gidan marayu ba ne. Wa ya san inda kika samo shi? Ki je ki kawo ubansa."

"Haba ɗan nan, da na san inda yake, zan zo ni kaɗai?"

"Wannan kuma ke ta shafa. Na baya, matso!"

Yaron ya sunkuyar da kai, ita kuma ta mayar da katin cikin leda hannunta na rawa. Matar da ta ciyar, ta tufatar, ta yi jinya shekara da shekaru, yau an jefe ta da zargin satar yaro. Wannan rashin tarbiyya ne, kuma jahilcin aiki ne, domin abin da ya faɗa ba shi ne doka ba.

Dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992 ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ta ce a yi rajista cikin kwana 60 da haihuwa, kyauta. Ba ta ce sai uba ba. Uwa na iya ba da bayani, mai gidan da aka yi haihuwar na iya yi, haka ma wanda yaron ke hannunsa. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi, riƙon yaro haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakinta. In uwa ta rasu, kakar wajen uwa ce ke gaba, sannan 'yar'uwar uwa. Ciyarwa kuma tana nan a wuyan uba duk inda yake. Ashe tsohuwar da aka kora ita ce ta fi kowa haƙƙin tsayawa a gaban teburin nan.

Ga abin da ya kamata a gaya mata, wanda bai fi minti biyu ba. Ta fara samo shaidar rasuwar uwar: in a asibiti ta rasu a karɓo a can, in a gida ne a fara da wasiƙar mai unguwa ko dagaci. Sannan a yi wa yaron rajistar haihuwa ko da an makara, da katin rigakafi ko katin awon uwar a matsayin hujjar lokacin haihuwa. A nan mutane ke yawan ruɗewa, domin 'yar takardar da asibiti ke bayarwa ranar sallama ba ita ce takardar haihuwa ba. Ta hukumar ƙidaya ake nema, musamman wajen fasfo.

Sai babban mataki, wanda shi ne mutane suka fi tsallakewa: zuwa gaban alƙali a tabbatar da riƙon. A je kotun shari'a da shaidu biyu da suka san yaron da iyayensa, a nemi hukunci, a karɓi kwafinsa mai hatimin kotu, a adana na asali a riƙa yawo da hoto. Takardar rantsuwa da ake bugawa a bakin kotu ba ta maye gurbin wannan. Rantsuwa maganarka ce kai kaɗai, hukunci kuwa maganar kotu ce, kuma ranar da dangin uba suka taso neman yaro, ko aka zo rabon gado, ko za a fita da shi Umara, hukuncin ne zai tsaya maka. Haka in riƙo ya canza hannu, misali uwa ta sake aure yaro ya koma wajen kaka, a koma kotu a rubuta. Yarjejeniyar baki a zaure ba ta zuwa ko'ina idan dattawan da suka shaida sun kwanta dama.

Daga nan ne ake zuwa NIN. Yaron da bai kai 16 ba ana haɗa rajistarsa da lambar uwa, uba ko mai riƙo, don haka dole mai riƙon ya fara mallakar tasa. Kuma tun 2021 ba a rajistar jarrabawar shiga jami'a ta JAMB sai da ita, shi ya sa gidaje da yawa ba su gane suna da matsala sai jarrabawa ta ƙarato.

Inda aka fi ɓarna shi ne suna. Kawu ya kai yaro firamare, ya rubuta sunansa a gurbin uba don a huta da tambaya. Alƙur'ani a Suratul Ahzabi ya ce a kira su da sunan ubanninsu, kuma ko a takarda ma wannan gajeriyar hanya tana haifar da rigimar nasaba da gado. Ga kuma Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, sunan gari a ta uku, da ranar haihuwar 1 ga Janairu da wani magatakarda ya ƙaga. Gyaran kowanne sai rantsuwar kotu, wani lokaci da sanarwa a jarida, da kuɗin da talaka zai ci abincin mako da shi.

Duk wannan laifin gwamnati ne kafin na kowa. An yi dokar kare haƙƙin yara ta tarayya a 2003, wadda ta yi bayanin waliccin yaro da naɗa mai riƙo, amma Kano ba ta sa hannu a tata ba sai 2023. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2021 ya nuna kashi 57 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 ke da rajista. A yankin da mutuwar aure, mutuwa wajen haihuwa da ta'addancin 'yan bindiga suka bar yara birjik a hannun kakanni da gwaggwanni, har yau ba a yi wa mai riƙo teburi guda da zai je a gama masa ba, ba a ma liƙa jerin takardun da ake buƙata da Hausa a ƙofar ofisoshin ba. Sai a bar mutum yana zagaye tsakanin kotu, sakatariya da asibiti, 'yan kamasho na tare shi a kowace ƙofa.

Mu ma da namu. Uba ya saki mace ya tafi da takardun 'ya'yan a aljihu don ya ƙuntata mata, a kira shi ya sa hannu a wasiƙar amincewa ta fasfo ya kashe waya, kuma dangi su zuba ido. Limamai da masu unguwanni suna halartar kowane suna da kowace jana'iza, sun san gidan da maraya yake. Ranar sadakar uku, kafin a watse, a faɗi wanda zai riƙe yaran, a damƙa masa takardunsu, a sa ranar zuwa gaban alƙali.